Ɗan Turmin da Na Kai Damagaram

Tun ranar da muka dawo daga Damagaram bakina bai huta ba. A makarantar firamaren da nake koyarwa a Tarauni a tare ni, a gidan suna a tare ni, hatta mai kayan miya na bakin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi sai da ya tsayar da ciniki ya ce, "Malama Binta, yaya Nijar? An samo maganin Faransan?" Nakan ce alhamdu lillahi in wuce, don in na fara bayani raina ne yake ɓaci, muryata ta hau sama, mai tambaya ya ɗauka da shi nake. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in sha ruwa.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba. Inna, mahaifiyata, hawan jini gare ta. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinta ya taɓa shanyewa, Allah ya taƙaita, ta tashi. Likita ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa in jinin bai sauka ba na biyu yana tafe, kuma ba lallai ya zo da sauƙin na farko ba. Ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum da safe. A satin farko ta ƙware da ita, ta yi ta tari har da hawaye, ni kuma hankalina ya tashi. Daga ranar na ɗauko wani ɗan turmin ƙarfe da ta zo da shi daga Makka, kullum in daka ƙwayar ta yi lukui, in zuba mata a kunun kanwa, wanda shi ne karin kumallonta tun tana budurwa. Har yabona ake yi a dangi, ana cewa ba a banza Binta ta yi boko ba.

Amma jini ya ƙi sauka. Da ta karya, ba a jimawa sai ta ce fuskarta ta ɗau zafi, kanta yana sarawa, ƙirjinta yana dukan tara-tara, ɗaki yana juya mata. Da yamma kuma ƙeya ta yi nauyi. Ranar asibiti da asuba muke fita don kama layi, ko kunun ba ta sha sai mun dawo. A auna, a ga jini ya yi sama, likita ya girgiza kai ya ƙara ƙarfin magani. Sau biyu ana ƙarawa. Bayan ƙari na biyu ne jiri ya kwashe ta a banɗaki da hantsi, ta faɗi, ƙashin ƙugunta ya karye. An yi aiki, ta taka, amma tun daga lokacin a kan kujera take salla.

A satin da ta faɗi na je kemis ɗin Malam Isyaku, wanda muke sayen magani a wurinsa shekara da shekaru, na tsaya a bakin ƙofa, gaban mutane, na kira shi mai sayar da alli. Na ce Allah ya isa tsakaninmu da shi. Na koma wani kemis a Unguwa Uku, na sake komawa wani a Darmanawa, duk kanwar ja ce. Sai Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Damagaram, ta bugo waya ta ce, "Ke Binta, ku maganinku na Najeriya duk garin rogo ne. Ki kawo ta nan, namu daga Faransa yake zuwa." Maganar ta zauna mini daram, don dama abin da nake so in ji ke nan.

Yayana Auwalu, mai tuƙa A Daidaita Sahu, shi ya samo mana shatar ƙaramar mota. Yaya Auwalu mutum ne da ko gida na cin wuta sai ya ce a bi a hankali, abin da ke ƙara tunzura ni ke nan. Muka fita bayan sallar asuba. Inna a baya da matashin kai biyu a ƙugu, ni a gefenta rungume da fulas ɗin kunu da jakar magani. Direban, wani siriri mai yawan magana, tun daga Kazaure ya fara ba mu labarin wani mai magani da ya warkar da surukarsa da sassaƙe. Na ce masa ya kalli titi.

A Daura muka tsaya karin kumallo. Maza suka nufi mai shayi, ni kuma na buɗe ƙofar mota, na ɗora turmina a cinya na daka ƙwayar Inna, na kaɗa a kunu na ba ta. Ta shanye tana yamutsa fuska kamar kullum. Muka kama hanyar Kwangwalam.

Kan iyakar ba ta da nisa daga Daura. Da muka tsallaka ɓangaren Nijar aka ce kowa ya fito da kayansa, har mara lafiya, a ga fuskarsa a ga takardarsa. Muka shiga layi a rana. Wani jami'i ya zazzage jakata, ya zaro turmin ya ɗaga sama yana dariya, ya ce da abokin aikinsa, "Zo ka ga Kanawa, har da turmi suke tahiya. Hajiya, a Damagaram ma akwai yaji." Ina shirin mayar masa da martani sai na ji hannun Inna ya saki kafaɗata. Ta sulale. Ba don Yaya Auwalu ya tare ta da ƙirji ba, da a kan wannan ƙugun za ta sake faɗuwa.

Wanda ya yi mini dariyar shi ya fara rugawa ya kawo benci. Aka kwantar da ita a inuwar bishiya, wata mai sayar da fura ta cire mayafinta tana yi mata fifita. Inna ta yi sharkaf da gumi, leɓɓanta sun bushe. Ni kuwa na tsaya a kanta ina zagin likitocin Kano da masu kemis ɗin Kano da ƙasar da ba a iya samun ƙwaya ɗaya ta gaskiya a cikinta. Yaya ya ce, "Binta, a bi a hankali." Na ce ya rufe mini baki. Sai da ta kusa awa guda kafin ta iya zama, sannan muka wuce ta Matamaye muka shiga Damagaram bayan azahar.

Gwaggo Hajo ta sauke mu a ɗakin da ta share tun kwana uku, da katifa a ƙasa da randa a lungu. Aka kawo fura da nono mai kauri, wadda su suke kira hura, da dambun zogale, da wani dogon burodi mai tauri wanda sai da na jiƙa shi a shayi kafin haƙorina ya shige shi. Shayin nasu kuwa a ɗan mitsitsin kofin gilas, baƙi ƙirin, a sha zagaye uku ana hira. Layin wayata ya mutu tun a kan iyaka. Abin da ya fi ba ni mamaki mata a kan babur, da hijabinsu da jakarsu, suna tuƙa kansu zuwa aiki, ba mai ko waiwayensu. Na ce da Gwaggo, in na hau babur daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni, kafin in isa labari ya riga ni zuwa gidan surukaina. Ta ce, "Ku dai kun iya sa ido."

Na so mu wuce asibiti a ranar, Gwaggo ta ce an tashi hutun rana. Wai a can da rana ta take sai a rufe ofis da kanti, kowa ya je ya kwanta, sai wajen la'asar. Na ce mutanen Kantin Kwari su ji wannan su suma.

Washegari muka yi sammako, Inna ba ta karya ba kamar yadda muka saba ranar asibiti. Likitan, wanda su suke kira lokotoro, ya auna ta, ya ce tansiyo ya hau sosai, wato hawan jini. Ya duba takardunmu na Kano, ya yi rubutu, ya ce mu je farmasi. A can asibiti daban, wurin sayar da magani daban, kuma ba a ba ka irin wannan magani sai da takardar likita. Ba kamar mu ba, da za ka aiki kowa da murfin kwali ya sayo.

Farmasin tsaf-tsaf, da sanyi, da alamar kore a ƙofa. Wata mata mai kimanin shekara hamsin, da farar riga da tabarau, Gwaggo ta ce sunanta Madam Rakiya, ta karɓi takardar ta ɗauko kwali ta ajiye a gabana. Na juya shi. Sunan da ke jiki shi ne dai sunan da na haddace shekara biyu. Na duba ƙasan kwalin, ko Faransar ma ba a can aka yi shi ba, ƙasa ɗaya suka fito da na Malam Isyaku.

Wallahi ban san lokacin da na buga hannu a kan kanta ba. Na ce, "Mun baro Kano, mun kusa rasa ta a kan iyaka, don a sake ba mu wannan? Wannan da ya kayar da ita ya karya mata ƙugu? Wannan da kullum in ta sha sai jiri, jinin kuma bai sauka ba?"

Madam Rakiya ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta ce, "In ta sha da minti nawa jirin ke zuwa?"

Na ce bai kai rabin awa.

Ta ce, "Gwada mini yadda kike ba ta."

Na ce wane irin gwadi, magani ai sha ake yi. Ta ce ita dai in nuna mata. Cikin fushi na zuge jaka, na fito da fulas, na fito da turmi na dangwara a gabanta. Ta kalli turmin, ta kalli Inna da ke zaune a kujera, ta ce, "Innalillahi." A hankali ta faɗe shi.

Ta sa aka kawo kofi biyu na ruwa. Ta ɓallo ƙwaya biyu daga cikin namu na Kano, ta jefa ɗaya a kofi yadda take, ta ce in daka ɗayar. Na daka, ta juye a ɗaya kofin. Nan take ruwan ya gauraye ya yi duhu. Ita kuwa ta farkon tana zaune a gindin kofi, ruwanta garau.

Ta ce, "Malama, magani ba ya sanin inda ke ciwo ya tahi can kai tsaye. Ciki yake shiga, ya wuce hanji, daga hanji ya tsotsu ya shiga jini, jini ya zaga da shi ko'ina. Wannan aikinsa ya sassauta jijiyoyin jini su buɗe, jini ya samu hanya, matsin ya sauka. Amma tun daga shigarsa hanta take aikin wargaza shi, ƙoda tana fitar da saura a fitsari. Shi wannan maganin, jiki na gamawa da shi da wuri, 'yan awoyi ne. Shi ya sa masu yin sa suka gina ƙwayar ta riƙa sakin shi kaɗan-kaɗan tun safe har wata safiyar, yadda abin da ke shiga jini zai riƙa maye wanda ke fita. In ya yi kaɗan a jini ba ya aiki, in ya yi yawa ya zama cuta. Tsakiya ake nema."

Ta nuna turmin. "Ke kuma kin rushe ginin. Gawayin girkin yini guda ne kike juyewa a murhu da safe. Tukunya ta ƙone, da marece babu wuta. Jijiyoyinta su buɗe gaba ɗaya, jini ya faɗi ƙasa, bai isa kai ba, ga jiri ga faɗuwa. Kafin la'asar magani ya ƙare, jini ya sake hawa ya kwana a sama. Da safe ku tahi a auna ba ta sha ba, lokotoro ya ga sama, ya ƙara ƙarfi. Ke kuma ki koma gida ki daka mai ƙarfin."

 

Ta buɗe fulas ta shinshina, ta ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ƙara hawan jinin, kuma akwai magungunan da in suka haɗu da ita a ciki ba sa tsotsuwa yadda ya kamata. Ta ce ba kowace ƙwaya ce aka hana dakawa ba, akwai wadda ko an daka ba komai, amma tambaya ake yi kafin a daka. Sannan ta juya wajen Inna, ta durƙusa daidai fuskarta ta ce, "Inna, kina cin tuwo?"

Inna ta ce, "Ina ci mana."

"Nama fa?"

"In ya dahu."

"To ƙwayar da ba ta kai ƙwayar wake ba za ta gagare ki?"

Inna ta saci kallona, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ba za ta gagara ba."

Madam Rakiya ta hana mu ba Inna magani a ranar sai mun koma wurin likita, don ƙarfin da aka kai maganin an kai shi ne bisa awon da ba na gaskiya ba. Ta rubuta masa 'yar takarda da Faransanci. Da ya karanta sai ya dafe kai, ya ce laifinsa ne shi ma da bai tambaya ba, ya mayar da ita kan ƙaramin ƙarfi, ya ce mu zauna sati guda ana auna ta safe da yamma. Washegari na miƙa wa Inna ƙwaya da kofin ruwa. Ta jefa a baki, ta kurɓa, ta haɗiye, ta miƙo mini kofin. Na zauna ina kallon agogo, rabin awa, awa ɗaya, awa biyu. Tana zaune tana tsince wa Gwaggo zogale suna gulmar dangi. A kwana na biyar awon safe da na yamma suka zo kusa da juna, kuma duka sun sauko.

Wannan satin ban ji daɗin komai ba. Gwaggo ta kai ni kasuwa, ta saya mini kilishi da takalman fata, ina bin ta kamar an jiƙa ni. Fushi ne fal cikina. Shekara biyu muna bin layi, likita nawa, nas nawa, taga nawa aka miƙo mini leda ta ciki da alamar ɗaya da safe a jiki, ba wanda ya ɗaga kai ya ce kada a daka. Kalma uku. Na san layin yana da tsawo, na san mutum ɗaya ne yake ganin jama'ar da ta fi ƙarfinsa, amma kalma uku ba ta cin minti ɗaya. Rubutun da ke cikin kwalin kuwa ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata, da Turancin da ni mai koyar da Turanci ma ban taɓa zama na karanta ba. 

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Daura, ina cikin wannan mita a mota, ina cewa ba wanda ya taɓa tambayata, sai Yaya Auwalu ya juyo daga gaba ya ce, "Binta, an tambaye ki." Na ce wa? Ya ce ranar da na je kemis ɗin Malam Isyaku yana bayana, shi ya kai ni. Ya ce ina cikin zagi mutumin ya ɗaga hannu ya ce, Malama tsaya, yaya take shan sa? Ni kuma na ce, kai za ka koya mini kula da uwata? Da ya faɗa sai na tuna. Har rigar da Malam Isyaku ya sa a ranar na tuna. Daga nan har Kano direba ya samu fili ya ƙarasa labarin surukarsa.

Washegarin dawowarmu na je kemis ɗin. Na tsaya a daidai inda na tsaya wancan karon, na jira mutane suka taru kamar wancan karon, na ce maganinsa ba alli ba ne, ni ce na yi kuskure, ya yafe mini. Ya ce ya yafe, ya tambayi jikin Inna. Bai ce mini komai game da mutanen layinmu da suka daina zuwa wurinsa saboda bakina ba, ni ma ban iya tayar da maganar ba. Ya ɗauko kwalin da likita ya rubuta, kafin ya miƙo mini ya ce, "A haɗiye shi yadda yake." Na ce na sani.

Da la'asar na sami Inna a ɗaki ta idar da salla. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na ce, "Inna, tunda kin san za ki iya haɗiyewa, me ya hana ki gaya mini? Shekara biyu fa."

Ta ce, "Ɗaci kam na sha shi, kamar maɗaci. Kuma na lura in na sha ne jirin yake zuwa. Amma ina jin ki kullum da sassafe kina daka, ga makaranta tana jiran ki, ga 'ya'yanki. In ce ki daina, ki ga kamar na raina wahalarki? Kuma ke ce mai boko. Ba ki tambaye ni ba, Binta."

Na kifa kaina a gwiwarta na yi kukan da ban yi a Damagaram ba. Ta dafa ni tana cewa ya isa, ƙaddara ce, Allah ya yi mini albarka. Albarkar ma sai da ta yi mini nauyi.

To masu tambaya, amsarku ke nan. Babu wani maganin Faransa. Wanda muke ba ta yanzu daga bakin layinmu yake, tafiyar minti biyar a ƙafa. Jinin ya sauka, jiri ya tafi, kunun kanwa ya koma koko, turmin yana kicin ana daka tafarnuwa. Kujerar sallarta kuwa tana nan a gefen gado, likitan ƙashi ya ce ba za ta sake kai goshinta ƙasa ba. Ni nake gyara mata ita ta kalli gabas.